Walimar da Aka Hana Ummusalama Shiga

An yi wani mutum a garin nan namu na Gadarif, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma wasunku sun sha wuce shi a hanya. A gidansu dai Ɗan'auta ake ce masa, don daga shi mahaifiyarsu ba ta sake haihuwa ba.

Ta rasu yana rarrafe. Yayarsa Ummusalama ce ta goya shi, ita ta yaye shi da kunun dawa, ita ta riƙe hannunsa ta kai shi makaranta. Da ta yi aure ta tafi da shi gidan mijinta Jibrin, wani manomin riɗi a ƙauyen Hausawa da ke bayan gari, cikin jikokin mahajjatan nan da suka taho a ƙasa, hanya ta zaunar da su a nan. Duk kaka, in an kaɗe riɗi, rabon Ummusalama a kan yaron nan yake ƙarewa. Ta yi shekaru da zane ɗaya na fita unguwa, ba ta taɓa faɗi ba.

Yaro ya yi karatu, ya zama ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke gefen gari. Gaskiyar Allah, yana da hannu. In ya yi maka allura sai ka tambaya ko an yi.

Ana nan sai aka tura shi Khartum ya ƙaro ilimin jinyar gaggawa, wato ceton wanda ya yi haɗari, ko ya sha guba, ko maciji ya sare shi. Jarrabawar tana da wuya, da yawa suna faɗuwa. Yana can yana karatu, Ummusalama tana nan tana azumi da sadaka. Allah ya ba shi sa'a, ya ci.

To, a nan ne aka samu matsala. Mutumin da ya tafi Khartum daban, wanda ya dawo daban. Hausa ta yi masa nauyi a baki. In tsoho ya ce masa sannu, sai ya amsa da Larabci yana duban wani wuri. Ya ce daga yau Hakim ne sunansa, kada ya sake jin Ɗan'auta a bakin kowa. Kun san irinsu, ko? Takarda ɗaya ce a hannu, amma tafiyar sai ka rantse shi ya gina asibitin.

A asibitin akwai ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe inda ake ajiye maganin dafin maciji cikin sanyi. Da ya dawo, aka danƙa masa makullin, tunda shi ne gwanin abin. Amana ce aka ba shi, shi kuwa ya mai da ita ado. Ko ya tashi daga aiki ba ya miƙa wa kowa. A ganinsa wa ya isa ya riƙe in ba shi ba?

Sai ya shirya karama, yankan godiya da muke yi in Allah ya yi wa mutum alheri. Ana gobe walima Ummusalama ta iso da rago, wanda ta yi ta kiwo da dusa da harawa tun ranar da ya tafi.

Ta ce, "Ɗan'auta, mabruk, barka da arziki! Ga shi, don yau na ajiye shi. Gobe da sassafe zan zo da matan ƙauye mu ɗora tukunya."

Ya waiga ko wani ya ji sunan, sannan ya ce, "Yaya, gobe ta manya ce, likitoci da ma'aikatan hukuma. Na ɗauki masu dafawa. Ku ku bari sai jibi, a yi taku."

Sannan ta miƙa masa igiyar ragon, ta ce, "To, Allah ya sa a yi lafiya." Ta koma ƙauye a ƙasa.

Ya 'yan uwa, ya karɓi ragon, ya mai da mai ragon. Wace irin godiya ce wannan?

Gari ya waye. Tunda ba a bukatarta a birni, Ummusalama ta bi mijinta gona. Wanda ya noma riɗi ya san ba ya jira. In an yanke shi an jingina dammuna sun bushe, tilas a kife su a kaɗe a kan shimfiɗa, in ba haka ba ya fashe ya zube a ƙasa. Kuma kowa ya san abin da ke son inuwar dammunan nan. Da hantsi ta sa hannu ta ɗaga wani dami, gamsheƙa ya sare ta a wuyan hannu.

Jibrin ya kwance rawaninsa ya ɗaure mata dantse, ya ɗora ta a keken jaki, ya kama hanyar gari cikin rana. Da suka isa asibiti, wata ma'aikaciya kaɗai suka tarar, sauran duk sun tafi walima. Ta ce magani yana nan, amma makulli yana wurin Hakim. Ƙofar ƙarfe ce, kayan hukuma, ba wanda ya iya cewa a fasa.

Ummusalama ta ce da mijinta, muryarta ta fara nauyi, "Kai ni wurin ƙanena. Ai wannan ya karanto."

Gidan ba nisa. An kafa rumfa, an jera kujeru, lasifika tana ta kiɗa. A ƙofa akwai wani maƙwabci, Ishaku, wanda aka ba umarni kada ya bar mutanen ƙauye su shigo. Jibrin ya gaya masa abin da ya faru. Ishaku ya ruga ciki, ya tarar babban likita ya miƙe yana jawabin yabon mutumin namu, shi kuma yana zaune a gaba cikin farar jallabiya, sai murmushi yake yi. Ishaku ya durƙusa ya raɗa masa, "Mijin yayarka yana ƙofa, ya ce..."

Bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, "Na ce musu gobe. Tashi ka ba ni wuri."

Jibrin mutum ne mai kunya, bai taɓa kutsawa cikin taron manya ba. Sai ya tsaya a bayan danga yana kira iya ƙarfinsa, "Ɗan'auta! Ɗan'auta!" Kiɗa ya cinye sauran maganar, sunan kaɗai ya shiga rumfa. Wani baƙo ya yi dariya ya tambaya wa ake kira haka. Mutumin namu ya gane muryar sarai. Amma ya ce da Larabci, "'Yan ƙwadagon gona ne, ƙanshin nama suka ji." Aka yi dariya. Ya sa aka cika faranti aka fitar musu.

Ku ji fa. Naman ragonta ne aka kai mata ƙofa, tana kwance a keken jaki numfashi yana gagararta.

Da Jibrin ya ga farantin, kunya ta ƙare. Ya ture shi, ya keta rumfa, ya cafki wuyan jallabiyar nan, ya ce, "Fito ka ga wadda ta goya ka!"

Ya fito, ya duba ta. Fatar idonta ta sauko ba ta iya ɗagawa. Yawu yana zuba. Harshe ya yi nauyi. Alamomin nan duk ya san su, su ya rubuta a Khartum har aka yaba masa, kuma ya san wadda ke biye da su. Aka yi asibiti da ita a motar babban likita. Ya ciro makulli daga aljihunsa, ya ɗauko magani. Ya yi allura, ya ƙara. Ya danna ƙirji, ya hura mata numfashi. Likitocin gari duk suna tsaye a kanta, kowa da iliminsa, ba wanda ya iya komai. Kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Da ya fito tun kiran farko, da ta rayu? Allah kaɗai ya sani, ajali a hannunsa yake. Likitoci ma sun ce ba su iya cewa. To, wannan rashin sanin shi ne ya cinye shi. Ya tambayi malamai, ya tambayi likitoci, ba wanda ya ce masa e, ba wanda ya ce masa a'a.

Aka bincika zancen makulli, aka sallame shi daga aiki. Ko ba a sallame shi ba, hannun nan mai kyau bai sake tsayawa ba, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Abokan rumfa ba wanda ya sake taka gidansa. Ya je ƙauye neman gafara, Jibrin ya ce, "Ni na yafe nawa. Nata kuma ba ni da ikonsa."

Yanzu yana can tashar motocin Showak, yana zaune a gindin bango, yana kallon motoci. Sunan da ya nema ya samu, kowa Hakim yake ce masa. An ce wata rana ya riƙe wani mutumin ƙauyensu yana kuka, ya ce don Allah ya kira shi Ɗan'auta ko sau ɗaya. Mutumin ya kira. Ya girgiza kai ya ce, "Ba haka take faɗi ba."

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba. Girman kai ne da jin kunyar nasa suka kai shi inda yake. Ilimi amana ne, ba kwalliya ba ne. Godiyar da aka kori mai alheri daga cikinta ba ta zama godiya ba, ko raguna nawa aka yanka. Kowannenmu yana da wanda ya goya shi. In yana raye, ka tashi daga nan ka je ka gaishe shi da harshen da ya rene ka da shi. In ka ji ana kiran ka a ƙofa, ka fita ka gani, don ba ka san me aka kawo maka ba.

Allah ya jiƙan Ummusalama. Allah ya sassauta wa bawan nan nasa. Allah ya raba mu da girman kai, kada ya sa mu gane laifinmu a ranar da ba gyara. Allah ya kiyaye mu, amin.