Hutun da Evelio Ke Cewa Kyauta Ne

Akwai wani maƙwabcina a nan Medellín, sunansa Evelio Zuluaga, mai shagon fenti da ƙusoshi a bakin layinmu. Kar in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Amma jama'a, Allah Ya zuba wa bawan nan maƙo da zargi. Ko canji ka miƙa masa, sai ya ɗaga takardar sama ya duba ta a hasken rana, kana tsaye kana kallonsa.

Babban abin taƙamarsa shi ne hutun watan Janairu. Lokacin da maƙwabta ke fafutukar kai yara wuraren wasa, shi sai ya loda matarsa Marleny da 'ya'yansu uku a mota, su nufi Tolú a bakin teku, gidan Nohemí yayar matar tasa. Sati biyu cur suke yi, kuma shekara takwas ke nan a jere.

"Ni hutu ba ya cin komai nawa sai man mota," haka yake faɗa wa duk wanda ya shigo shago. "Ɗaki kyauta, kifi kyauta, teku kyauta. Wanda bai san ciwon kuɗinsa ba ne ke kai yara gidan lilo."

Gidan na Tolú gadon mahaifin su Marleny ne, su biyu ya bar wa. Nohemí ce a ciki ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Sana'arta ƙanƙarar 'ya'yan itace, ta ƙulla a leda ta daskarar a firiza, ta kai bakin teku ta sayar. Evelio kuwa ko sau ɗaya bai taɓa mantawa rabin gidan nan na matarsa ne ba.

A shekarar da nake ba ku labari, babbar 'yarsu Yuliana ta cika shekara sha biyar. Ta ce ita ba ta son biki, ba ta son doguwar riga. A kai ta babban wurin wasan nan na Quindío, mai lilo da jirgin da ke hawa yana gangarowa. A gaban mutane ta roƙa, sai kunya ta sa Evelio ya ce to. Tun watan Nuwamba Marleny ta kira yayarta ta ce bana kar ta sa ido, ba za su zo ba.

Bayan Kirsimeti Evelio ya zauna ya duba farashi a waya. Daga gidana na jiyo shi.

"Tikitin mutum biyar, ga otal, kuma ba a shiga da abinci! Har ruwan sha sayarwa suke. Marleny, waɗannan ai 'yan fashi ne masu lasisi. Kira Yaya ki ce mata muna tafe jibi."

Yuliana ta shige ɗaki tana kuka. Marleny ta kira yayarta, shi kuma ya sa ta buɗe muryar wayar.

"Jibi?" in ji Nohemí. Sai ta yi shiru, dogon shiru. Can ta ce, "To. Allah Ya kawo ku lafiya."

Evelio ya ƙanƙance ido. "Kin ji wannan shirun? Da can ihun murna take yi. Akwai wata a ƙasa."

"Haba Baban Yuliana, wataƙila gajiya ce."

"Za mu gani."

Da suka isa, sai suka tarar gidan ya sha shuɗin fenti. An canza kwanon rufin ɗaki biyu. Katifu sababbi dal, ko ledarsu ba a cire ba. Marleny da yara suna ta murna, shi kuwa gogan yana bin bango yana shafawa da yatsa. Ya leƙa kicin, sai ya ga babbar firizar nan ba ta nan, shatinta kawai ya rage a siminti.

"Yaya, ina firiza?"

"Na rabu da ita, ƙanina. Zo ka ci abinci kafin ya huce."

Ya zauna ya ci soyayyen kifi da shinkafar kwakwa da soyayyar ayaba. Faranti uku ya share. Zargin da ke ransa bai hana shi neman ƙari ba, wannan kam na yarda.

Da suka fita bakin teku, ya ja matarsa gefe.

"Ni fenti nake sayarwa, na san abin da nake faɗa. Ba a yi wa tsohon gida irin wannan kwalliyar sai in kasuwa za a kai shi. A ina mai sayar da ƙanƙara ta samu kuɗin kwano da katifa? Ga shi har ta fara fitar da kaya. Sayar da gidan za ta yi a bayan idonmu, shi ya sa zuwanmu bai yi mata daɗi ba."

"Ka ji tsoron Allah. Yayata ce fa."

"Yayarki ce, amma rabin gidan naki ne."

A ranar ya bi gidan yana ɗaukar hotuna. Ya kira wani lauya da ke sayen kaya a shagonsa, ya tambaye shi yadda ake tilasta rabon gado. Lauyan ya ce in aka kasa daidaitawa, kotu na iya sa a sayar da gidan a raba kuɗin. Marleny ta gane abin da wannan ke nufi: yayarta, mace mai shekara hamsin da bakwai, za ta rasa wurin kwana. Ta roƙe shi ya bari su tambaye ta tukuna. Ya ce ɓarawo ba ya cewa shi ne, hujja yake nema.

Kwana na uku da safe ya ga Nohemí ta fita ba ta ce wa kowa komai ba, ta danne wani abu a ƙarƙashin rigarta. Ya zura silifa ya bi ta daga nesa. A kwanar layi wata mota mai lambar babban birni Bogotá na tsaye, wani mutum mai gilashi ya fito daga ciki. Evelio ya laɓe bayan mai sayar da kwakwa, ya ga ambulan ya gilma tsakanin hannuwansu. Mutumin yana nuna gidan, yana ɗaga murya, ita kuma ta sunkuyar da kai.

"Yawwa, na kama ta," in ji Evelio a ransa. "Kafin alƙalami ke nan."

A hanyar dawowa ya leƙa shagon Doña Etelvina, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su da Nohemí. Me zai gani? Firizar ce zaune a lungu, har da hoton kifin da Yuliana ta manna mata tun tana ƙarama. Ya girgiza kai ya ce ashe da haɗin bakin maƙwabta.

Bai iya haƙuri ba. Ana zaune a tsakar gida ana cin abincin rana, ya ajiye waya a kan tebur ya kunna bidiyon da ya ɗauka.

"Yaya Nohemí, nawa ya saya?"

"Ya sayi me?"

"Kar ki raina mini hankali. Gidan nan. Ga fenti, ga kwano, ga ambulan. Kin ga ƙanwarki na nesa, kin ce bari ki cinye gadonta. To na riga na yi magana da lauya, a kotu za a raba."

Ludayin da ke hannun Nohemí ya faɗi cikin tukunya. Ta kalli Marleny, ta kalli yaran.

Sai aka ji murya daga bayan katanga.

"Kai! Mai fenti! Tsaya nan, ina zuwa."

Doña Etelvina ce. Ta shigo tana goge hannu da gefen riga, ko gaisuwa babu.

"Shekara takwas ina haɗiye maganar nan saboda ta roƙe ni. Yau kam sai ta fito. Fita ka duba layin nan. Gida nawa ka gani da masu shi a ciki? Duk Janairu kowa baƙi yake sawa a ɗakunansa, mu koma bayan gida mu ɗaura ragar kwanciya a bishiya mu kwana. Abin da muka samu a sati ukun nan shi ke riƙe mu rabin shekara. Gida ɗaya ne tak ba ya karɓar baƙi a layin nan, saboda wani babban mutum daga Medellín zai zo ya miƙe ƙafa."

"Doña, wannan maganar cikin gida..."

"Rufe mini baki, na haifi kamarka! Bana kuka ce ba za ku zo ba. A karon farko baiwar Allah ta karɓi baƙi, wancan mai gilashin da iyalinsa. Ya ba da rabin kuɗi, da shi ta gyara rufin da ke yoyo, ta sayi katifu. Sai ga wayarku, wai jibi. Ta kira shi ta ba shi haƙuri, ya ce a mayar masa da kuɗinsa. A ina za ta samo? Ta sayar mini da firizarta, abin da take ci da shi. Ambulan ɗin da ka gani ita ta miƙa masa, ba shi ya miƙa mata ba. Ya zage ta tas a kan titi, kai kuma kana laɓe kana ɗaukar hoto."

Ta nuna farantin da ke gaban Evelio.

"Kuma wannan kifin da kake tauna kana cewa teku ke bayarwa kyauta, ka taɓa ganin Nohemí da kwale-kwale? A kasuwa take sayowa, a farashin baƙi."

Marleny ta fashe da kuka, ta durƙusa gaban yayarta.

"Yaya, don me ba ki taɓa faɗa mini ba? Don me ba ki ce kar mu zo ba?"

Nohemí ta share mata fuska da tafin hannu.

"Da na ce ku kawo ko peso ɗaya, mijinki zai kawo ki? Ke kaɗai kika rage mini a duniya, kuma sau ɗaya nake ganinki a shekara. Kowa da abin da yake sayen tikiti ya gani, Marleny. Wasu lilo suke biya wa. Ni ke nake biya wa."

Wallahi lokacin da Marleny ke ba ni labarin nan, sai da na yi hawaye. Ta ce Evelio ya zauna da lomar shinkafa a baki, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa. Yuliana ce ta fara magana, a hankali.

"Baba, kai ka ce wurin wasan ya fi nan tsada."

Evelio ya ture farantinsa. Ya tashi ya goge bidiyon, ya kira lauya ya ce a bar maganar. Daga nan ya bi Doña Etelvina shago. Ta yanka masa farashin firizar har da ƙari, ta ce ladan bakinta ne. Mutumin da ke yin ciniki a kan ƙusa ɗaya ya biya bai ce uffan ba, kuma shi ya turo firizar a baro har kicin.

Da yamma ya ɗauki ragowar shuɗin fentin ya rubuta a kwali cewa akwai ɗakunan haya, ya rataya a ƙofa. Kafin kwana biyu ɗakuna sun cika. Shi da iyalinsa suka koma bayan gida suka ɗaura raga a bishiyar mangwaro, sauro ya yi bikinsa a ƙafafun Evelio. Sauran kwanakin hutun, shi ke saɓa akwatin ƙanƙara a kafaɗa yana bin bakin teku yana talla, rana ta ƙone masa wuya har ya saɓule.

Ranar tafiya ya tsaya gaban Nohemí, hula a hannu.

"Yaya, na ci amanarki da bakina. Ki yafe mini."

"Na yafe, Don Evelio. A sauka lafiya."

Ta yafe ɗin, na yarda. Amma shekara takwas "ƙanina" take ce masa, kuma daga ranar nan ba ta sake faɗa ba, sai "Don Evelio", irin kiran girmamawar da ake yi wa baƙo. Shi da kansa ya ce mini wannan ya fi kuɗin firizar ciwo.

A hutun watan Yuni ya kai Yuliana Quindío. Tikiti shida ya saya, don sai da ya aika wa Nohemí kuɗin mota ta zo aka tafi da ita. An ce ta hau jirgin nan mai gangarowa tana riƙe da hannun ƙanwarta, tana ihu tana kiran sunan uwarsu.

Da suka dawo na shiga shagon, na ce bari in tsokane shi. Na ce, "To maƙwabci, yanzu ka gwada duka biyun. Wanne ya fi tsada?"

Ya daɗe yana juya gwangwanin fenti a hannu kafin ya ɗago.

"Na Quindío sun rubuta farashinsu a ƙofa, na karanta, na biya, na wuce. Na Tolú ba a rubuta ba. Wata ce ta yi shekara takwas tana biya mini, ni kuma na kira ta ɓarauniya."

Darasi: Duk abin da kake samu kana cewa kyauta ne, tsaya ka duba, akwai wanda ke biya a madadinka ya yi shiru. Kafin ka zargi mai karɓar baƙuncinka, tambayi kanka me zuwanka ke ci masa, kuma kar ka je gidan ɗan'uwa hannu rabbana don kawai ba ya iya ce maka a'a. In kana da wata Nohemí a danginku, kira ta yau ka gode mata, sannan ka tura wa 'yan'uwa wannan labari kafin hutu ya zo.