Manyan Maɓallai a Farar Riga

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Kafinta. Bencinan cocin unguwarsu duk aikin hannunsa ne, tun zamanin da yake shigar da ƙusa da bugu ɗaya. Allah sarki, tsufa! Yanzu hannun rawa yake yi, ko kofin ruwa sai ya haɗa hannu biyu.

Lokacin da matarsa take raye, kowace safiyar Lahadi ita ke saka masa maɓallan farar rigarsa ta zuwa coci. Tana yi tana tsokanarsa: "Tsaya mana, Maigida, sai ka ce ɗan makaranta!" Shi kuma ya ɗaga haɓa yana murmushi.

Da ta rasu, ya gwada da kansa. Maɓallan ƙanana ne, yatsun suka ƙi. Yana zaune a bakin gado har ƙararrawar coci ta yi shiru. Ya roƙi surukarsa, matar ɗansa, ta taimaka? Ina! Kunya da taurin kai ba su bar shi ba. Kuma ya ce ba zai shiga gidan Ubangiji da wata riga ba. Haka ya daina zuwa, mutane suka ce fushi yake da Allah. Fasto ya zo ya yi masa ta'aziyya mai tsawo, Baba ya ce amin, bai faɗi gaskiyar ba.

Wata safiya ya ce, "Ubangiji, ga masu yunwa, ga na asibiti. Wa zai dame ka da zancen maɓalli? In ka manta da ni, ban ga laifinka ba."

Ana nan, surukar ta ga wuyan rigar ya yage, ta kai wa wata tela maƙwabciyarsu. Telar ta dawo da ita da kanta, kai a sunkuye.

"Baba, na yi ɓarna. Dutsen guga ya yi zafi, ya narkar da maɓallan. Na zazzage gwangwanina, babu ƙanana, sai waɗannan na kwat. Na faɗaɗa ramukan na ɗinka su."

Baba ya duba. Baƙaƙe ne, manya kamar marfin kwalba. Ransa ya ɓaci.

"Rigar da marigayiya ta zaɓa min kika mayar haka?"

"Ka yi haƙuri, gobe zan sayo ƙanana."

Ya fizge rigar yana mita. Babban yatsansa ya tura maɓalli ɗaya, sai ya shige raminsa sumul. Ya gwada na gaba, shi ma ya shige. Hawaye suka zubo masa.

"Kada ki taɓa su, 'yata."

Ranar Lahadi ya shirya shi kaɗai, ya shiga coci a hankali. Wani tsohon abokinsa, direba, ya matsa masa a benci, ya raɗa masa: "Kafinta, tayoyin mota ka ɗinka a ƙirji?"

Baba ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Bar su haka. Wanda ya aiko su ya san hannuna."

Darasi: Babu ciwon da ya yi wa Ubangiji ƙanƙanta. Yesu yana ganin har abin da kake jin kunyar faɗa, kuma taimakonsa kan zo da kamar ɓarna. Ka tura wannan labari ga wani da ke jin an manta da shi.