Birkin da Ba Ya Gyaruwa da Mutum Ɗaya

An yi wani mutum a nan Madarunfa, zamanin da gyaɗa ke tashe, kafin babban farin nan. Yana da mota tasa ta kansa, yana kwasar buhuna daga Gabi zuwa Maraɗi. Hannunsa na da kyau a kan ƙarfe, bai taɓa kai motarsa garaji ba. Kullum a ƙofar gida yake kwance ta ya ɗaura, ƙanensa Shu'aibu na kama masa.

Sai suka ɓata a kan iccen gawo guda da ke iyakar gonakinsu. Mutumin ya rantse ya daina yi wa Shu'aibu magana, ko sunansa ba zai ƙara faɗa ba. Danga ɗaya ce tsakanin gidajensu, amma damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ko gaisuwa babu.

Wata rana bututun man birki ya tsage. Mutumin ya sake sabo, ya zuba mai, ya taka birkin. Ƙafarsa ta nutse kamar ya taka laka a bakin tafki.

Ya san dalili sarai, iska ce ta shiga bututun. Ya kuma san maganinta. Mutum ɗaya ya zauna a ciki yana takawa, ɗaya ya kwanta a ƙasa yana sassauta noti har iskar ta fita. Aikin mutum biyu ne, ya 'yan uwa, kuma na biyun yana bayan danga.

Matarsa Ɗelu ta ba shi baki ya kira ɗan'uwansa, ya daka mata tsawa. Maƙwabta fa? Ai wanda duk ya kira zai tambaye shi ina Shu'aibu. Ya sa icce ya tokare birkin, ya yi ta fama shi kaɗai. Shu'aibu ya ji ƙarar ƙarfe, ya san aikin da ake yi, ya leƙo ta kan danga.

"Yaya, in zo in taka maka?"

Mutumin ya juya masa ƙeya. Ya lura in ya taka ya sake takawa, birkin na ɗan kamawa, ya ce haka ma ta isa. Wa yake ruɗi? Iska ta san girman kai ne da za ta ji kunyarsa ta fita?

Ranar kasuwa ya cika motar taf ya kama hanya. A gangaren gulbi ya hango amalanken jaki a gabansa, hanya kuwa ƙunci. Ya taka, babu. Ya sake takawa, ƙafarsa ta kai ƙasa. Mai amalanken ya waiwayo.

"Shu'aibu!"

A nan ne ya faɗi sunan da ya rantse ba zai faɗa ba. Motar ta bi ta kan amalanken, Shu'aibu bai kai gida da rai ba.

Mutumin ko ƙwarzane bai yi ba, kuma ina ganin wannan ya fi masa ciwo. Bai ƙara riƙe sitiyari ba. Na san shi da tsufansa, yana zaune a ƙofar gida, ƙafarsa ta dama na ta danna ƙasa. Gawon yana nan tsaye, babu mai shan inuwarsa.

Ya 'yan uwa, addini bai yarje maka ka ƙaurace wa ɗan'uwanka ba, ballantana a kan icce. Akwai gyaran da hannunka kaɗai ba zai yi ba, komai gwanintarka. Wanda ke da wani a bayan dangarsa, ya amsa masa yau tun yana iya ji.

Allah ya kiyaye mu da girman kai da yanke zumunci, ya jiƙan Shu'aibu, ya yafe wa yayansa.