Marubucin da Ke Cikin Ganyen Alayyafo

Yau kwana tara ke nan abinci ba ya shiga mini sosai, saboda ɗana Shekarau. Magidanci ne, yana da lambu a bakin dam. Wasu fararen layuka sun fito a ganyen alayyafonsa, a lanƙwashe kamar an ja alƙalami, shi kuma ya rantse maƙwabcinsa na lambu, Cindo, ne ya yi masa asiri. Ya ce ranar Juma'ar nan za su yi ta ta ƙare. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na riƙe wata hikaya da kakata ta ba ni, ku saurara.

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan fadamu, an yi wani Sarki da ba ya cin tuwo sai da miyar ganyen lambunsa. Mai kula da lambun wani dattijo ne, Nomau. Wata safiya aka kawo ganye fada, sai aka ga fararen layuka sun zagaye shi. Sarki ya sa aka kira babban malamin fada, Malam Tunau. Malam ya juya ganyen sama, ya juya shi ƙasa, ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan rubutu ne, kuma ba na alheri ba. An rubuta ne don ka ci ka bar gadon sarauta. Ba wanda ke taɓa ganyen nan kuwa sai Nomau."

Sarki ya fusata, ya ce a kai Nomau gidan Yari, ranar kasuwa a kore shi daga ƙasar har abada.

Matar Nomau, Yalwa, ta ɗaura gyale ta nufi fada. Dogarai suka tare ta, ta zauna a ƙofa ta ce ba ta tashi sai Sarki ya ji ta. Da rana ta take, Waziri Dogara ya ce a shigo da ita.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin ina zaune da mutumin nan, ko alif bai iya ja ba. Yaushe ya zama marubuci?"

Waziri ya ce, "Baiwar Allah, fada ba ta karɓar shaidar mata a kan miji. Kawo mana wanda ya yi rubutun, in kin isa."

Ta ce, "Zan kawo shi. A ba ni shuni kaɗan da ɗan dogari ɗaya mai ido."

Ta je lambu, dogari na kallo, ta ɗiga shuni a daidai inda kowane layi ya tsaya. Washegari Waziri da kansa ya je ya duba, sai ga layukan duk sun wuce ɗigon, alhali Nomau na ɗaure.

Malam Tunau da ya biyo shi ya ce, "Ai wannan ba abin mamaki ba ne. Aljaninsa ne ke ci gaba da aikin."

Yalwa ta tsinko ganye ɗaya ta ɗaga shi saitin rana ta ce, "Allah gafarta malam, ga aljanin, duba." Aka ga wata 'yar tsutsa tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, tana ci tana gaba, tana barin farar hanya a bayanta.

Malam ya ce, "Rikiɗa ya yi."

Ta ce, "To mu tsare shi mu ga abin da zai koma."

Waziri ya yi murmushi, ya roƙi Sarki a jinkirta korar. Yalwa ta zuba danshin ƙasa a ƙwarya, ta jera ganyen a kai, ta rufe da siririn ƙyalle ta ɗaure. Waziri ya buga hatiminsa a ƙullin, aka ajiye ƙwaryar a zauren Sarki. Kullum Yalwa sai ta zo ta yayyafa ruwa ta saman ƙyallen. Fadawa suka riƙa yi mata ba'a, suna cewa, "Uwar aljanu, yaya jariran?" Ita dai sai ta ce, "Suna gaishe ku."

Ranar kwana goma sha shida aka ji motsi a ciki. Aka tara fada, Waziri ya karya hatimi ya yaye ƙyallen. Sai ga wasu siraran ƙudaje masu gashi-gashi sun tashi. Sarkin Shanu ya leƙo ya ce, "Zaki, ai waɗannan dangin ƙudan da ke sauka kan kashin shanu ne, kullum muna tare a garke!" Ɗaya daga cikinsu ya zagaya ya sauka a kan rawanin Malam Tunau, fada ta kwashe da dariya.

Sarki bai yi dariya ba. Ya ce, "Saura kaɗan in raba tsoho da ƙasarsa a kan ƙwan ƙuda." Ya sa aka sako Nomau aka yi masa riga, ya mayar masa da lambu. Malam Tunau kuwa aka yanke masa kwana arba'in yana bin kunya-kunya yana tsince ganyen da ya karanta, yana binnewa, Yalwa na nuna masa inda ya tsallake.

To ni ma na yi yadda Yalwa ta yi. Na tsinko ganyen Shekarau na sa a roba da ƙasa, na rufe da tsohon ɗankwalina. Yau kwana shida, kullum sai na kara kunne, shiru. Na nuna masa tsutsar a rana, ya ce, "Inna, ke dai ba ki san Cindo ba." Juma'a kuma jibi ce, ni ba ni da Wazirin da zai sa a jinkirta. Na ƙudura ba zan bari ɗana ya ɗaga wa mutum hannu a kan ƙuda ba. Amma ta ina zan ɓullo? In kai maganar gaban mai unguwa ɗana ya ji kunya a idon jama'a, ko in je in zauna a bakin lambun da robata har ƙudajen su fito? Don Allah ku faɗa mini.