Glisirin da ba shi da takarda

Akwai wani mai gyaran salula a Damagaram, sunansa Suma'ila. Irin mutanen nan ne da in sun kalli bidiyo biyu a waya, shi ke nan sun fi kowa sani.

Amininsa Habibu ɗan kokawa ne, taba ta fara cin numfashinsa. Suma'ila ya ce shi zai raba shi da ita. Ya samo masa sigarin lantarki, wanda ake zuba wa ruwa a zuƙi tururi, ya ce ruwan ma da hannunsa zai haɗa.

Ya shiga kasuwa, rumfar masu man shafawa, ya sayo glisirin cikin tsohuwar gorar ruwa, ba suna ba takarda.

Yayarsa Zuliha a farmasi take aiki. Ta buɗe gorar ta shinshina.

"Wannan na kaushin ƙafa ne, Suma'ila. Da turare a ciki, ina jin har da mai. Ko mai tsabta mai takarda ban ce ka ɗura wa mutum a ƙirji ba, balle wannan."

"Haba Yaya, glisirin ai glisirin ne. Ku dai kun iya tsorata mutane."

Sati uku Habibu yana zuƙa, yana yabon amininsa a fada wajen shayi. Tari ya fara, aka ce tsohuwar taba ce ke fita. Ran Lahadi da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye.

A asibiti aka sa masa robar iska. Ƙaton da ke ɗaga maza sama, ga shi kalma ɗaya ta gagare shi.

Lokotoro, wato likita, ya tare Suma'ila. "Mi ke cikin ruwan nan da yake zuƙa? In na sani, zan san ta inda zan kama."

Suma'ila bai sani ba. Ya hau kabu-kabu ya koma rumfar da ya sayo glisirin.

"Wallahi daga bido, babbar jarkar nan, nake tsiyayowa," in ji mai rumfar. "Wani mai mota ke kawowa. Yau kasuwar Mirriya, duba can."

Ya je Mirriya. Rumfa rumfa yake bi yana roƙo, har ya durƙusa wa wani dattijo. Ba wanda ya san mai motar. Da la'asar ya dawo hannu rabbana, ya tarar numfashin Habibu ya ƙara ja baya.

Mahaifiyar Habibu, Iya Kulu, ta iso daga Gidimuni. Ta ga ƙurar da ke jikin Suma'ila, ta kama hannunsa.

"An ce tun safe kake yawo sabo da shi. Allah shi maka albarka, ɗana."

Wannan albarkar ce ta karya shi. Ya fashe da kuka.

"Iya, ni na haɗa ruwan. An hana ni, ban ji ba."

Ta kalle shi. Sannan ta saki hannunsa a hankali.

"To shiga ka faɗa mashi da bakinka, tun yana ji."

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta wanke abin da ba ka san asalinsa ba. Abin shafawa na fata ne, kada ya kusanci huhu, kuma in wanda ya sani ya ce tsaya, ka tsaya. Ku tura wa abokanku na fada, wataƙila akwai mai irin gorar nan a ɗakinsa.