Kakanni Bakwai na Gidan Maƙera

Ku gyara zama, yau ba ta Gizo na zo muku da ita ba. Labarin Baba Ilu ne, maƙerin Gangaren Kuka, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa, don ni kaina abin ya ishe ni.

Baba Ilu mutum ne mai saurin hawa, irin wanda ko masaba ta kuɓuce masa sai ya yi mata faɗa. Wata safiya ya fito zaure ya tarar an shafa wa katangar gidansa jan fenti. Za a faɗaɗa titi, kuma duk faɗin garin nan titin bai ga hanya ba sai ta tsakiyar maƙerar da kakanninsa suka kafa. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya tura shi wurin dagaci, dagaci ya ba shi haƙuri. Haƙuri kuwa bai taɓa tare katafila ba.

Ana cikin haka sai ga Malam Sadau, ma'aikacin hukumar tarihi ta jiha, ya zo da wani shiri na rubuta asalin gidaje. Ya ce duk gidan sana'ar da ya jero kakanni bakwai a wuri guda, da shaida a rubuce, hukuma za ta kafa masa allo, titi kuma dole ya kauce. Wa'adi kwana arba'in.

Baba Ilu ya ce, "Wannan ai ba sai an kwana ba. Rubuta. Ni Iliyasu ɗan Hassan, ɗan Mu'azu, ɗan Mai Jan Wuya, ɗan Na-Tudu, ɗan Mai Zuga... ko kuwa Mai Zuga ne ƙarami? To, akwai dai Gajere, akwai Baƙo."

Malam Sadau ya ajiye biro. Ya ce, "Baba, biyun farko na ji. Sauran biyar laƙabi ne. Sunan yanka takarda take so, kuma a jere."

Nan fa ake yin ta. A gidan nan al'ada ce ba a kama sunan duk wanda ya taɓa zama gaban uwar maƙera, ba a kuma raɗa wa jariri shi. Na ubansa da na kakansa ma a bakin mutanen gari Baba Ilu ya tsince su. Ungozoma ce takan raɗa wa amarya sunayen a kunne sau ɗaya, ran da ta tare, don ta san waɗanda bakinta zai guje wa har ta mutu. Ungozomar ta daɗe da rasuwa, matar Baba Ilu ma haka. Mutum ɗaya ya rage a duniya da sunayen a kansa, ita ce mahaifiyarsa, Iya Gambo, wadda ta haura casa'in. Shi kuma ɗan farinta ne, shekara saba'in ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle na surukanta. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi bayani tiryan-tiryan. Iya ta juya wa ƙofa baya, ta ce wa bango, "A gaya wa mutumin nan, gara a rushe gidan a kaina da in yi wannan rashin kunya." Baba Ilu ya fito kamar ya haɗiyi zuciya. Uwa ce, ba dama ya ɗaga murya, sai ya huce a kan wata tunkiya da ta gifta.

'Ya'yansa uku ne a gidan, kowa da sasansa: Delu, Haladu da Tanimu.

Delu bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, da ƙuli-ƙuli take riƙe su. Ita jika ce, akwai wasa tsakaninta da Iya. Ta kife kaskonta ta koma ɗakin tsohuwa da sunan tsefe mata kai. Tana tsifa tana cewa wai ƙawarta ta haihu, an rasa sunan da za a sa wa yaro. "Iya, Salisu fa?" Iya ta ce suna mai kyau. "Lawal fa?" Ta ce Allah Ya raya. Haka har Delu ta ce, "Zubairu fa?" Sai Iya ta ja mayafi ta rufe baki, can ta ce, "Ke, nemi wani." Delu ta riƙe wannan a ranta. Amma tsohuwa ba ta jure fiye da suna goma a zama ɗaya, daga nan sai gyangyaɗi, wata rana ma sai ta kore ta da muciya. Kwana goma sha biyu Delu ta yi tana ƙirƙiro ƙawaye masu jego, har Iya ta ce wannan shekara matan garin sun haukace da haihuwa. Masu sayen ƙuli suka gaji da sallama suka koma gidan gaba. A ƙarshe ta kawo wa mahaifinta sunaye shida. Baba Ilu ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce, "Biyar na aike ki, ina kika samo na shida? Kuma wanne ne uban wanne?" Delu ta ce ita ma ba ta sani ba.

Haladu direban babbar mota ne, bai iya zaman wuri ɗaya ba. Shi ya tuna cewa a da gidan yana da makaɗinsa, mai kiɗan dundufa irin na maƙera, wani Ɗan'inna, wanda ya yi fushi ya bar garin shekara talatin da suka wuce saboda Baba Ilu ya ce masa kiɗansa ya yi sanyi. Ba wanda ya san ko yana raye. Haladu ya ajiye mota ya shiga nema. A tasha aka ce a kasuwar kan iyaka yake, a kasuwa aka ce ya koma wurin 'yarsa, a gidan 'yar aka ce ai mijinta ya yi ƙaura bayan kogi. Ya haye kogi ga damina, kwale-kwale na yoyo. Ya sami tsohon ya makance, kuma har yau fushin na nan daram. Kwana uku Haladu yana gaishe shi yana cin zagin da aka tanadar wa ubansa, kafin tsohon ya yarda. Ya goyo shi a baya har bakin ruwa. Da ya dawo gida ya tarar mai mota ya ba wani makullin.

Aka zaunar da Ɗan'inna a zaure, aka ɗora masa hannu a kan fatar dundufa. Shi laƙabi da jerin haihuwa suna nan a kansa, amma sunayen yanka tsufa ya cinye. Sai Delu ta riƙa faɗar nata ɗaya-ɗaya. Tana cewa Zubairu, hannun tsoho ya kama kiɗa, ya ce, "Zubairu Mai Jan Wuya, ɗan Na-Tudu." Haka biyar suka shiga mazauninsu. Da ta faɗi na shida, Barau, sai ya tsaya. Ya ce, "Babu Barau a gidan nan. Barau da na sani wani tela ne mai zuwa zance unguwar su Gambo kafin a yi mata aure." Iya, da ke sauraro daga soro, ta tashi ta shige ɗaki, ba a sake ganinta ba sai washegari.

Baba Ilu ya kai wa Malam Sadau jerin yana taku ɗai-ɗai. Malam Sadau ya yaba, sannan ya ce, "Saura shaida a rubuce, Baba. Bakin makaɗi ba ya hawa fayil." Baba Ilu ya cire hula ya buga da ƙasa, ya ɗauka ya kaɗe, don ita kaɗai gare shi.

Tanimu, autansu, malamin Islamiyya ne, shi kaɗai ya iya karatun ajami na mutanen da. Saura kwana goma sha ɗaya ya tafi babban birni, ya shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na hukumar. Akwati ya fi ɗari, wasu gara ta ci rabi, wasu rubutun ya dushe sai an kai bakin taga. Tun buɗe ofis yake zama har a tashi, masallaci ne masaukinsa. Ƙura ta sa masa tari, idanu suka yi jawur. Matarsa da ya bari da tsohon ciki ta haihu, aka yi suna ba ya nan, surukai suka yi ta magana. Ana gobe wa'adi zai cika ya ci karo da wata wasiƙa cikin ƙunshin takardun alƙali, inda aka raba gardamar iyaka tsakanin wani majemi da Zubairu maƙeri, aka jero ubansa da kakanninsa har zuwa Baƙo, aka kuma ambaci kukar da har gobe take bayan gidan. Ba don sunayen Delu ba da ya wuce takardar bai san tasu ce ba. Ba don jerin da Haladu ya goyo ba da hukuma ba ta da abin da za ta gwada ta da shi. Su biyun kuma ba don takardar ba da wahalar banza suka sha.

Aka buga hatimi, aka kafa allo, titi ya lanƙwasa ya bi ta bayan kuka. Baba Ilu ya yanka rago, har ya nemi gafarar Ɗan'inna da bakinsa, abin da garin bai taɓa zaton gani ba.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ran da Malam Sadau ya kawo takardar ƙarshe, sai ya buɗe shafin baya. Gidan da ya zama na tarihi ba a barin jama'a da yawa a ciki. Tsofaffi za su zauna, da mai riƙo guda ɗaya da iyalinsa, mace ko namiji duk ɗaya ne wurin hukuma. Sauran za a ba su fili a bayan gari. Layi ɗaya ne a takardar, suna ɗaya yake ɗauka, kuma in ba a cike shi ba kafin Juma'a, rajistar ta warware, katafila ta dawo.

Baba Ilu ya ce, "Kai Sadau, don Allah me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya ce, "Na ɗauko zancen sau biyu, Baba, kana cewa in bar surutu."

Baba Ilu ya dubi Delu da kaskonta a kife, ya dubi Haladu da ba shi da mota, ya dubi Tanimu yana tari da jaririn da bai ga sunansa ba. Ba wanda ya ce ya bar wa ɗan'uwansa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har hawaye ya taru masa, don ya ga da hannunsa zai fitar da 'ya'yansa biyu daga gidan da suka ceto. Biro na hannunsa tun hantsi har aka kira azahar, layin nan yana nan fari.

To, ga ku ga Baba Ilu. Tsakanin Delu da Haladu da Tanimu, sunan wa ya kamata ya rubuta, su wa kuma za ku ce su kwashe kayansu?