Ɗigo Huɗu na Sarki Mamuda

An ce wai a wani tsibiri da ake kira Tungar Kaiwa an yi wani sarki, Mamuda, mai jinkirin magana da saurin fahimta. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, aka aiko cewa za a buɗe madatsar da ke sama da su, duk wanda yamma ta riska a tsibirin ruwa ne zai ci shi.

Hukumar agaji ta turo jami'inta, Alhaji Garzali, tare da Yahuza, ɗan garin, wanda ya rubuta manhajar da ke raba wa ƙauyukan kogin jiragen fito. Suka tarar ruwa ya riga ya shanye gonakin shinkafa, mata sun ɗaure kaya suna tsaye a gaɓa.

A ƙofar fada Yahuza ya buɗe kwamfuta, ya ce, "Ranka ya daɗe, jirage goma sha biyu ne rabon garin nan."

Sarki ya ce, "Sha biyu cif?"

Yahuza ya sake duba lambobin. Ya ce, "Lissafi ya ba da sha biyu da ɗigo huɗu. To ba a aiko guntun jirgi, shi ya sa na umarci manhaja ta mayar da kowace lamba cikakkiya. Abin da ya kai rabi ta cika shi, abin da bai kai ba ta zubar."

"Jirgi mutum nawa yake ɗauka?"

"Hamsin."

"Ashe ɗigo huɗun nan mutum ashirin ne."

Yahuza ya dubi gaɓa. Mahaifiyarsa Kuluwa na zaune kan ƙullin tabarmi a can ƙarshen layi, domin ƙafarta ba ta barinta turereniya. Sa'ad da yake rubuta umarnin nan a ofis, bai ga fuskar kowa a bayan ɗigon ba.

Sarki ya nemi a ƙaro jirgi ɗaya. Alhaji Garzali ya duƙa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jiragen duk an rabe su. In na ƙara maka, na cire wa wani ƙauye. In kuma aka cusa ashirin ɗin cikin sha biyun, masu fito sun rantse ba za su tuƙa ba, igiyar ruwan yau ba ta yafe nauyi. Sawu biyu kuwa lokaci ba zai kai ba."

Maganar ta bazu cikin taro. Layi ya fara karyewa, maza na jan 'ya'yansu gaba, wata tsohuwa ta faɗi. Yahuza ya tabbata kafin ruwa ya iso mutane za su tattake juna, kuma da hannunsa ya jawo.

Sai sarki ya ce, "Ɗan Kuluwa, ka faɗa mini inda manhajarka ta rage. Yanzu faɗa mini inda ta yi kyauta. Ƙauyen da lissafinsa ya haura rabi aka cika masa jirgi, wa zai zauna a gurbin da ya saura?"

Yahuza ya koma kan kwamfuta, ya cire umarnin cikawa, lambobin suka fito da ɗigonsu. Tungar Rimi, da ke sama da su kaɗan, lissafinta bakwai da ɗigo shida ne, aka ba ta takwas. Jirginta na ƙarshe zai biyo ta gabansu da gurbin mutum ashirin.

Sarki ya ce, "Alhaji, ban roƙe ka jirgin kowa ba. Buga waya, wancan ya tsaya nan. Ni ne na farko cikin masu jiransa."

Da jama'a suka ga sarki ya shimfiɗa buzunsa a gaɓa, layi ya koma daidai. Jirage sha biyu suka tashi da Kuluwa da sauran raunana. Yahuza ya tsaya cikin ashirin ɗin, ruwa na hawa daga idon sawunsa zuwa gwiwa, har jirgin Tungar Rimi ya ɓullo ta bayan ciyawa.

Masu hankali suka ce, kafin ka zubar da guntun lissafi, tambayi ko wane ne a cikinsa.